Na sa hannu a kulob ɗin hutu a Sifaniya, zan iya janyewa?

Tambaya: Barista, mun je hutu tsibirin Tenerife na Sifaniya ni da maiɗakina. Aka gayyace mu cin abinci kyauta, aka tsare mu da daɗin baki har na sa hannu a kwantiragin shekara biyar, wai za a riƙa ba mu rangwamen otal. Nan take suka ciri Yuro 2,000 a katina. Yau kwana tara, na dawo Kano ina cizon yatsa.

Amsa: Alhaji, ka zo a kan gaɓa. Dokar Tarayyar Turai ta 2008, wadda Sifaniya ta shigar cikin dokarta mai lamba 4 ta 2012, ta ba wanda ya shiga irin wannan kulob na fiye da shekara guda kwana 14 ya janye, ba tara, ba kuma sai ya faɗi dalili ba. Asabar da Lahadi duk ana ƙirga su, don haka saura maka kwana biyar.

Duba takardunka, ya kamata a ce akwai fom na janyewa. Cike shi yau, ko ka rubuta wasiƙa mai ɗauke da lambar kwantiragin. Aika ta imel, ka ƙara da kamfanin kai saƙo mai ba da rasit. Ranar da ka aika ita ce abin lura, ba ranar da ta isa hannunsu ba. Kada ka dogara da waya, wanda ya sayar maka zai yi ta jan ka da zance har wa'adin ya wuce. In ma ba su ba ka fom ɗin ba, wa'adin ya zama shekara guda da kwana 14.

Kuɗin da suka cira kuwa, nan suka taka doka. An hana karɓar ko sisi kafin kwana 14 ɗin su cika, ko da sunan kafin alƙalami ne, kuma dokar Sifaniya ta ba ka damar neman ninki biyu. Gaskiya dai, ninkin sai an kai ga kotun can da lauyan can, ƙila ɗawainiyar ta cinye ribar. Ni da zan ba ka shawara, fara da bankinka: kai musu kwantiragin da shaidar janyewa, ka nemi su ƙalubalanci cirar ta hanyar Visa ko Mastercard. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, wato FCCPC, hannunta ba zai kai Tenerife ba.

Abu guda nake so in gani da idona, wato tsawon kwantiragin a rubuce. Wasu kan ce shekara biyar da baki, su rubuta wata goma sha ɗaya don su zille wa dokar.

Nan gaba kaɗan wani zai iya kiranka ya ce zai ƙwato maka kuɗinka in ka biya ladan aiki tukuna. Kashe wayar, ka turo mini lambar tare da kwafin takardun.