Tambaya da amsa: wace leza zan saya don saita madubin hangen taurari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare nan Daura. Na samu madubin hangen taurari irin na Newton, faɗinshi milimita 150, f/5, a mota na ɗauko shi daga Kano. Da na auna Mushtari (Jupiter) sai na ga kamar yana da jela ta gefe guda, duk yadda na murɗa fokas ba ya fitowa tas. An ce mani sai na sayi lezar saiti. Wacce zan saya, kuma me zan haɗa da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri kan abin da kake nuna ma yaranmu. Kwantar da hankalinka, alamu sun nuna madubinka lafiya lau yake, saiti ne ya goce, kuma duk wanda ya ɗora irin wannan na'ura a but ɗin mota ta sha gargada ai dole ya ga haka. Tun 1668 da Isaac Newton ya ƙera irinta tsarin bai canza ba, babban madubi mai lotsawa a gindin bututu, da ƙarami a karkace digiri 45 kusa da baki wanda ke turo hasken zuwa inda kake sa ido. Ɗaya ya kauce ko da kaɗan ne sai tauraro ya fito da jela. Naka kuma f/5 ne, wato nisan da haske ke yi daga babban madubi zuwa inda yake haɗuwa ya ninka faɗin madubin sau biyar, irin wannan ba ya yafiya, kuskuren da mai f/8 zai haɗiye bai ji ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nashi kaɗai naka zai iya ɗauka.

Abin da nake so ka riƙe kafin ka fidda ko sisi, ita lezar, wato 'yar na'urar da ake zurawa inda kake sa ido ta harba jan ɗigo kan madubai, ita kanta sai an saita ta. Na sha ganin wanda ya sayo sabuwa a kwali, ya saita madubinshi da ita har ɗigon ja ya zauna tsakiya cif, da dare ya yi abin ya fi na da muni, don hasken ba a miƙe yake fita daga jikinta ba. To ran da ta iso hannunka ka fara gwada ta. Ka samu guntun katako ka kafa ƙusa huɗu, bibbiyu a giciye kamar gwafa, ka kwantar da lezar a kai ta haska bango daga nisan kamar mita biyar, ka manna farar takarda wurin, sai ka riƙa juya ta a hankali ba tare da ka ɗaga ta ba. In ɗigon ya tsaya wuri guda, alhamdulillahi. In ya riƙa zagaye yana zana da'ira to karkatacciya ce. Shi ya sa nake cewa ka sayi mai ƙananan sukurori uku a jiki na gyaran saiti, sau da yawa za ka tarar an toshe su da baƙar roba, ka ƙwaƙule da allura ka sa ƙaramin alanki, kaɗan kaɗan, ka juya ka duba, har da'irar ta tsuke ta koma ɗigo. Yana cin lokaci, wani sa'in har awa guda, amma ba kullum ake yi ba.

Sai girman baki. Ramin fokas, wato inda ake zura gilashin sa ido ko lezar, iri biyu ne, inci 1.25 da inci 2, ka auna naka kafin ka yi oda. Kuma ka lura in ta shiga tana lilo a ciki, don kana ɗaure sukurun gefe zai ture ta ɗigon ya matsa. Masu tsada irin Howie Glatter da HoTech kuɗinsu a nan ya tafi, ƙira mai kama jiki da saitin da ba ya gocewa. Masu araha irin SVBONY kuwa suna aiki in ka gwada ka gyara, in ta yi sako-sako ka naɗa mata salatif zagaye ɗaya. A ganina, ga malamin makaranta da canjin dala ya kai inda ya kai, mai arahar ta ishe ka, ka nemi mai taga a karkace, inda hasken da ya dawo ke sauka, wadda za ka hango kana tsugune a gindin bututu, da maɓallin rage haske, ragowar kuɗin ka sayi Cheshire.

Cheshire ɗin nan bututu ne kawai mai ɗan ƙaramin rami da zare biyu a giciye, ba batir ba komai, amma yana yin abin da leza ba ta iyawa, shi zai nuna maka ko ƙaramin madubi na zaune daidai ƙarƙashin ramin fokas, ya fito a zagaye, kana hango maƙalan babban madubi duka uku a cikinshi. Leza za ta iya ce maka komai daidai alhali ƙaramin ya murɗe yana zubar da haske. Don haka da Cheshire ake farawa. Bayan nan ka sa leza, ka taɓa sukurori ukun ƙaramin madubi har ɗigon ya faɗa cikin zoben da ke tsakiyar babba. In naka ba shi da zoben sai an manna mashi, irin ɗan zoben takarda na fayil ya isa, kuma ba ya ɓata gani don yana cikin inuwar ƙaramin madubi. Sannan ka koma gindi, ka sassauta sukurorin kulle, ka murɗa na saiti har hasken ya dawo tsakiyar tagar.

A wannan mataki na ƙarshe ne nake son Barlow, gilashin nan mai ninka girma, wataƙila ma ya zo cikin kwalinka. In ka zura lezar cikinshi hasken zai baje, maimakon ɗigo sai inuwar zoben ta dawo maka, kai dai ka zaunar da ita a kan ramin da hasken ke fitowa. Daɗin abin, ko lezar ta ɗan yi lilo inuwar ba ta motsi sosai. Nils Olof Carlin ne ya yaɗa wannan dabara, kuma gaskiya tun da na koye ta ban sake saita babban madubi da leza tsura ba.

Don Allah abu biyu. Kafin ka leƙa bakin bututu ka tara takarda a gaba, in saiti ya goce da yawa hasken na iya kuskure ƙaramin madubi ya fito waje, kar ya samu idonka ko na ɗalibi. Kuma ka kwantar da bututun in za ka taɓa sukurorin sama, alanki ya suɓuce ya faɗa kan babban madubi ba ƙaramin baƙin ciki ba ne. Ka ajiye ƙarin batir, ka duba lambar da ke jikin naka don ba iri ɗaya suke ci ba. Ƙurar hunturu kuma ko ta kwanta a madubin kar ka goge da tsumma ko bakin riga, karce shi za ka yi, ka dai riƙa rufe baki da gindi in ka gama.

Da dare ka fito da shi ya sha iska kamar minti 30, don madubin da ya wuni a ɗaki mai zafi rawa yake sa hoto. Tauraron arewa ya fi sauƙi don kusan ba ya motsi, amma nan Daura da Katsina digiri 13 kawai yake sama da ƙasa, hazo na yawan cinye shi, in haka ne ka ɗauki wani mai haske can sama. Ka sa shi tsakiyar gani da gilashin sa idonka mafi ƙarfi, ka ɗan kauda fokas, za ka ga zobba da baƙin tabo. In tabon na tsakiya an gama, in ya jingina gefe ka ɗan taɓa sukurun babban madubi, ka maido tauraron tsakiya ka sake dubawa. Daga nan ka juya kan Mushtari, ya kamata ka ga ɗamara biyu a jikinshi da watanninshi manya guda huɗu, sai dai in wani ya ɓuya a bayanshi ko yana ratsa gabanshi a daren.