Amsa kan rabe-raben foraminifera da inda ake samun su

Malam, ka yi tambaya daga Birnin Kudu kan yadda ake rarraba foraminifera, da kuma ko akwai su a duwatsun yankinmu. Halittun teku ne masu ƙwayar halitta ɗaya, akasarinsu ba su kai milimita ɗaya ba, kuma Bafaranshe Alcide d'Orbigny ne ya fara tsara su a 1826. Wajen rarraba su, ɓawonsu ake dubawa: wasu da sinadarin farar ƙasa suke gina shi, wasu kuwa ƙwayoyin yashi suke liƙawa. Akwai masu shawagi a saman ruwa, akwai mazauna ƙasan teku, waɗanda su ne suka fi yawan iri.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne zurfi, domin idan ya wuce kimanin mita 4,000 zuwa 5,000, ruwan yana narkar da ɓawon farar ƙasa, sai a bar masu ɓawon yashi.

Duwatsun Birnin Kudu da na Dutse dai narkakken dutse ne da ya daskare, ba za ka same su a ciki ba. Sai ka nufi dutsen farar ƙasa na Kalambaina a Sakkwato, inda teku ya taɓa kwantawa.