Tambayoyin Masu Karatu: Ta Ina Ake Kama Falsafa?

Wasiƙun wannan makon duk a kan falsafa suka zo, daga Tawa da Yamai. Mun zaɓi huɗu, muka miƙa wa malaman da ke koyar da fannin.

Tambaya: Malamai, barkanku da aiki. Ni tela ne a Tawa, a kwaleji na tsaya da lakwal amma ina karanta Faransanci. Na sayi ƙaton littafin Kant wajen masu shimfiɗa tsoffin littattafai a ƙasa, na yi ta fama ban wuce shafi goma ba. Kaina ne ba ya ja, ko akwai wata hanya?

Amsa: Malam tela, kanka lafiya lau yake. Idan *Critique de la raison pure* ka saya, wanda ya fito a 1781, to Kant ya rubuta shi ne don mutanen da suka riga suka san gardamar da magabatansa irin su Hume da Leibniz suka bari. Ko a jami'a sai da malami ake shigarsa. Ajiye shi, ba zai gudu ba.

Nemi ƙanana guda biyu. Na farko *Apologie de Socrate* na Aflatun, wanda a lakwal ake kira Platon: jawabin da malaminsa Sokrat ya kare kansa da shi gaban kotun Atina a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa. Ɗan siriri ne, kuma babu kalmomin fanni masu nauyi a ciki. Na biyu *Discours de la méthode* na Descartes, 1637, mai kashi shida. Karanta kashi na ɗaya, na biyu da na huɗu, ka tsallake na biyar a yanzu, don bayanin zuciya da zagayen jini ne irin na wancan zamani. A kashi na biyu akwai ƙa'idodinsa huɗu: kada ka karɓi abu sai ya bayyana maka sarai, ka kasa matsala gida-gida, ka faro daga mai sauƙi zuwa mai wuya, sannan ka sake bi don kada ka bar wani abu a baya.

Yadda ake karatun ya fi zaɓen littafin muhimmanci. Shafi uku zuwa biyar a zama ɗaya sun isa, minti 30 ko 40. Karatu na farko ka wuce ba tsayawa. A na biyu ka riƙe bik, ka ja layi ƙarƙashin ƙananan kalmomin da ke ɗaure magana, irin su *car*, *donc*, *or* da *mais*, don a nan hujja take ɓuya. Sai ka buɗe kaye ka rubuta layi uku da Hausa: me marubucin yake da'awa, da me ya kafa hujja, a ina zan iya ƙin yarda. In ka kasa faɗa wa yaron shagonka layin farko ya gane, ba ka gane ba tukuna, koma baya.

Ga misali daga farkon *La République* na Aflatun. Wani dattijo ya nuna cewa adalci shi ne faɗin gaskiya da mayar wa mutum abin da ka karɓa daga hannunsa. Magana mai kyau, kowa zai gyaɗa kai. Sokrat ya ce: to, aboki ya ba ka ajiyar makami yana cikin hankalinsa, ya dawo karɓa bayan ya haukace, za ka miƙa masa? In ka miƙa ka cika ma'anar da aka bayar, amma ka yi ɓarna. In ka hana ka yi daidai, amma ka karya ma'anar. Ke nan ma'anar ce ke da gyara. Wanda ya iya wannan motsin, na kawo misali ɗaya da zai gwada magana mai faɗi, ya fara falsafa ko da bai san sunan kowa ba.

Abin da ya fi kayar da sababbi shi ne taƙaitattun bayanai. Mutum ya haddace cewa wane ya ce kaza, wane ya ce kaza, har sunaye ashirin, amma bai taɓa bin hujja ɗaya daga kai har ƙafa ba. Sai kuma ɗaukar kalma da ma'ana ɗaya a ko'ina: *idée* a wajen Aflatun wata haƙiƙa ce da ba ta canzawa, a wajen Descartes kuwa abin da ke cikin tunanin mutum ne. Ƙaramin ƙamusun falsafa na ƴan lise zai raba maka wannan.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Yamai, ina son shiga sashen falsafa na Jami'ar Abdou Moumouni. Kawuna ya ce karatun fitar da mutum daga addini ne. Me zan ce masa?

Amsa: Ƴarmu, kada ki fara da gardama da kawu, domin tsoron nasa yana da asali, kuma manyan malamai sun riga ku wannan zancen. Mu ba masu fatawa ba ne, amma ga abin da ke rubuce.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, shi ne ake yawan ambata idan ana sukar falsafa. A *Tahafutul Falasifa* ya bi mas'aloli 20 na su Farabi da Ibn Sina, ya kafirta a kan uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah ba ya sanin ɗaiɗaikun abubuwa sai a dunƙule, da musun tashin jiki ranar ƙiyama. Amma bai kai ga wannan ba sai da ya zauna ya karanci littattafansu har ya iya su. A *Al-Munƙiz minad Dalal* ya kasa ilmin ƴan falsafa gida shida: lissafi, manɗiƙi (ilmin auna hujja), ilmin halittu, ilahiyya, siyasa da halaye. Ya ce lissafi da manɗiƙi ba su da abin da ya shafi tabbatar da addini ko kore shi, har ya yi kashedi da jahilin masoyin Musulunci da ke musun lissafin husufin rana da wata yana zaton taimakon addini yake yi. Ibn Rushd, alƙalin Malikiyya a Ƙurɗuba da ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani a *Tahafutut Tahafut*, kuma a *Faslul Maƙal* ya kafa hujja da ayoyin da ke umurni da tunani da lura.

Zancen ya iso ƙasarmu tun da daɗewa. Shehu Magili, wanda ya bi ta Tagidda ya je Kano zamanin Muhammadu Rumfa, sannan Gawo wajen Askiya Muhammadu, ya rubuta a kan manɗiƙi, ya kuma kare shi cikin baitoci lokacin da Suyuɗi ya yi suka. Kuma akwai wanda kawu ba zai ce bai san shi ba: mai littafin Ahalari da ake fara fiƙihu da shi a makarantun zaure. Shi ɗin dai ya yi waƙen *Sullam* a kan manɗiƙi, inda ya kawo ra'ayi uku: Ibnus Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a koya, shi kuma ya rinjayar da halasci ga mai cikakkiyar basira da ya saba da Alƙur'ani da Sunna.

A ganinmu wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne amsarki. Ki riƙe karatun addininki wajen malamin da kawu ya yarda da shi, ki nuna masa *Munƙiz*, wanda akwai shi da Larabci da Faransanci. Kuma gaskiya ce a jami'a za ki karanta Marx da Nietzsche, waɗanda suka soki addini kai tsaye. Kada ki ɓoye masa wannan. Abin da ake koya shi ne ware hujjarsu a auna ta, babu mai neman ki yi musu mubaya'a.

Tambaya: Mu matasa ne a wata fada a Bukoki. Mun so mu riƙa tattauna irin waɗannan batutuwa, amma kullum da hayaniya ake tashi.

Amsa: Samari, hayaniyar tana zuwa ne don kuna tattauna batu ba tare da rubutu a gabanku ba. "Mene ne ƴanci?" fili ne da ba shi da iyaka, mai babbar murya ke cinye shi. Ku ɗauki shafi biyu kacal, a buga wa kowa kofi, kuma kada ku wuce mutum takwas. Shayinku ma ya isa agogo. A na farko mutum ɗaya ya karanta a fili, a fitar da da'awar marubucin, babu mai faɗin ra'ayinsa. A na biyu a jero hujjoji. Suka sai a na uku.

Doka ɗaya ce ba a sassauta ta: kafin ka mayar wa mutum martani, sai ka maimaita maganarsa har ya ce e, haka nake nufi. Yawancin faɗan a nan yake mutuwa, don sai a tarar ba abu ɗaya ake musu a kai ba.

Ku sa mutum ɗaya ya riƙa kama kurakurai. Akwai sukar mai magana maimakon maganarsa ("kai da ko bak ba ka da ita"). Akwai sauya ma'anar kalma a tsakiyar zance, a faro da ƴanci na fita daga mulkin mallaka a ƙare da ƴancin yin abin da rai ke so. Akwai kuma wanda ya fi wuyar ganewa, juya sharaɗi: in an yi ruwa titi zai jiƙe, ga titi a jiƙe, saboda haka an yi ruwa. Jimloli biyun farko suna iya zama gaskiya amma sakamakon ya faɗi, don wataƙila bututun famfo ne ya fashe. Ku saurari gardamar siyasa da kunnen basira, za ku ji wannan kuskuren ba sau ɗaya ba.

Tambaya: Ina ajin ƙarshe na lise. Na haddace maganganun masana sama da 50 don jarrabawar bak, amma makina na falsafa ba ya tashi.

Amsa: Ɗanmu, mai gyaran takarda yana neman ya ga ka gano matsalar da ke cikin tambayar ne. A ce an tambaya ko aiki yana ƴanta mutum. Kafin ka taɓa takardar amsa, ka ba kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacinka ga takardar gwaji. Fayyace kalmomin biyu, sannan ka nemo inda suke karo: aiki ne ke fitar da mutum daga dogaro da wani, kuma aikin ne ke cinye masa yini da ƙarfi. Wannan karon shi za ka sa a gabatarwa cikin siffar tambaya. Kowane sakin layi ya ɗauki tunani ɗaya, hujjarsa, da misali. Maganar masani tana shigowa ne bayan ka gina hujjarka, kuma dole ka bayyana ta cikin jimla biyu ko uku. Rage hamsin ɗin nan zuwa goma da ka san littafin da suka fito da tambayar da suke amsawa. Wadda ba ka tabbatar da mai ita ba, faɗi tunanin da bakinka ka bar sunan, don jingina magana ga wanda bai faɗe ta ba yana rage maki.