Amsar Kawu: waƙa a wurin jana'iza da tsoron da ya hana ki barci

'Yata, saƙonki ya iso. Sannu da rashi, Allah ya ta'azantar da ke da iyayen ƙawar nan taki. In na fahimce ki daidai tambaya biyu kika min. Kince a wurin jana'izar kinga mawaƙan coci suna ta waƙoƙin yabo da nasara ga gawa kwance a gaba, har wata ta dafa ki tace ki daina kuka kamar marar bangaskiya, shine kike tambaya wai wannan al'ada ta waƙa akan gawa daga ina ta fito, kuma anya ba yaudarar kai bace. Ta biyun kuma can ƙasan saƙon kika saƙala ta kamar bakya so in gani, wai tun ranar barci ya ƙaurace miki saboda tsoron mutuwa, kina ganin ko ke ba mai bi bace ta gaske.

Bari in fara da matar da ta dafa ki. Nasan da kyakkyawar niyya tayi amma bata faɗi daidai ba. Ayar da mutane ke kamawa su hana kuka ita ce 1 Tasalonikawa 4:13, toh ki buɗe ki karanta da kanki, Bulus bai ce kada kuyi baƙin ciki ba, cewa yayi kada kuyi irin na waɗanda basu da bege. Ƙaramar ikilisiya ce sabuwa fil, wajen shekara ta 50 ya rubuta musu, an fara mutuwa a cikinsu hankalinsu ya tashi kamar yadda naki ya tashi yanzu, kuma bai zage su ba. Yesu kansa a Betanya ya riga ya san nan da ɗan lokaci zai kira Li'azaru ya fito daga kabari, duk da haka da yaga Maryamu tana kuka shima hawaye yayi (Yohanna 11:35). Da aka jejjefe Istifanas, Ayyukan Manzanni 8:2 tace mutane masu tsoron Allah ne suka binne shi suka yi masa makoki mai yawa. Kinga kenan kukanki bai rage miki komai ba.

Ita kuma waƙar ba jiya aka fara ba. Tun ƙarni na 4 akwai shaidar cewa Kirista suna raka gawa da Zabura. Yohanna Kirisostom, wanda yayi wa'azi a Antakiya kafin ya zama bishop na Kustantiniya a 398, har ambaton waɗanda ake rerawa yayi, akwai Zabura 116:7 inda mai Zabura ke ce wa ransa ya koma ga hutunsa, akwai 23:4 wadda kika haddace tun kina ƙarama. Faɗan da yake yi a lokacin shine da masu ɗauko mata 'yan haya su zo suyi ta kururuwa akan gawa, yana cewa ta yaya bakinku zai rera bazan ji tsoro ba alhali abinda kuke yi yana ƙaryata ku. Kafin shi akwai Kifiriyan bishop na Kartaj a arewacin Afirka, lokacin wata muguwar annoba wajen 252, shi kam har baƙaƙen kaya cewa yayi bai kamata a sa ba tunda waɗanda suka tafi sun riga sun sa farare. Ni dai inaga ya ɗan tsaurara, amma ki tuna mutumin da yake ganin gawawwaki a titi kullum ne yake ƙoƙarin tsayar da zuciyar mutanensa.

Wanda labarinsa yafi kama da naki shine Agustin, babban malamin ikilisiya daga arewacin Afirka. Mahaifiyarsa Monika ta rasu a Ostiya kusa da Roma a 387 tana da shekara 56, suna kan hanyar komawa Afirka. Ɗansa yaro ya fashe da kuka aka hana shi, shi kansa Agustin ya danne nasa, wani abokinsu ya ɗauki littafin Zabura ya fara rerawa duk gidan suka amsa. Aka je aka binne ta aka dawo bai zubar da hawaye ko ɗigo ba, amma ciki yana ta cinsa, sai daga baya da ya tashi daga barci shi kaɗai ya tuna ta ya saki kuka a gaban Allah, kuma da kansa ya rubuta wannan bai ɓoye ba. Haka Martin Luther da 'yarsa Magdalena ta mutu a hannunsa a 1542 tana 'yar shekara 13, mutumin da ya tsaya gaban sarakuna bai girgiza ba, kuka yayi sosai. Ina kawo miki su ne dan ki san manyan da muke karanta littattafansu suma sun rera sun kuma yi kuka a mutuwa ɗaya.

Toh in ba ɓoye baƙin ciki ake da waƙar ba, me take yi? Ga yadda ni na gane ta bayan jana'izar da na tsaya a cikinsu masu yawa. Ranar da aka yi maka rashi bakinka baya iya furta abinda ka gaskata, kai addu'a ma gagararka take yi, ka buɗe baki ba abinda ke fitowa. A ranar sai sauran jama'a su faɗa a madadinka da ƙarfi a kunnenka, cewa Almasihu ya tashi kuma wannan da ke kwance zai tashi. Kin tuna shanyayyen nan na Kafarnahum a Markus 2, wanda mutum huɗu suka ɗauko suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi gaban Yesu? Nassin cewa yayi Yesu yaga bangaskiyarsu, har da ta masu ɗaukar. Ranar jana'izar ke ce akan tabarmar, ba wanda ya isa yace sai kin tashi kin taka. Wata rana kuma ke zaki riƙe kusurwa ki rera wa wata. Inda abun ke lalacewa shine in mawaƙa suka mai da shi wasan nuna murya ko aka fara harar masu kuka, wannan kam na sha gani kuma bana jin daɗinsa.

Yanzu maganar tsoron. Wa ya gaya miki mai bi baya jin tsoron mutuwa? Sarki Hezekiya da annabi Ishaya ya kawo masa saƙon ya shirya gidansa zai mutu, juya fuska yayi ga bango yana kuka mai zafi, Allah bai ce masa marar bangaskiya ba, shekara 15 ma ya ƙara masa (Ishaya 38). A Getsamani Ubangijinmu da bakinsa ya gaya wa Bitrus da Yakubu da Yohanna cewa ransa na baƙin ciki har kamar ya mutu, ya roƙa in mai yiwuwa ne a ɗauke masa ƙoƙon wahalar nan. Bulus ma bai taɓa yi wa mutuwa kwalliya ba, maƙiyi ya kira ta, na ƙarshe da za a hallaka (1 Korantiyawa 15:26). Jiki dole ya ja baya in ya hango ta, haka aka halicce mu. Abinda Ibraniyawa 2:14-15 take magana akai shine bauta, wato mutum ya ƙare duk rayuwarsa tsoron mutuwa na juya shi, kuma tace Yesu ya ɗauki nama da jini irin namu ya mutu dan ya fitar da mu daga wannan bautar. Aikin ya riga yayi shi, ko kina jin ƙarfin hali a daren nan ko bakya ji.

Shawarata ki zauna ki tambayi kanki ainihin me kike tsoro, dan in kika bar shi a dunƙule yafi ƙarfinki. Yawanci in na zauna da matasa muka tona sai inga shari'a suke tsoro, suna lissafin zunubansu suna cewa in yau ce ya zanyi. In naki kenan ki dubi ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu a Luka 23. Bai samu damar baftisma ba, bai biya kowa abinda ya ƙwace ba, hannunsa a kafe ba aikin kirki ko ɗaya da zai iya ƙarawa, cewa kawai yayi a tuna da shi, aka ce masa yau zaka kasance tare da ni a Firdausi. Wannan ba lasin yin abinda aka ga dama bane, in akwai abinda kika san kina riƙe da shi ki tuba ki gyara tun yau, amma ki daina auna cetonki da yadda makonki ya tafi. Romawa 8:1 ta gama maganar hukunci ga waɗanda ke cikin Almasihu Yesu.

Wasu kuma tsoronsu kada ace ba komai a can, a rufe ka shikenan. Wannan tambaya ce mai nauyi kuma bana so ki ji kunyar yinta. Bulus bai kauce mata ba, a 1 Korantiyawa 15 cewa yayi ƙarara in Almasihu bai tashi ba bangaskiyarku banza ce, mun fi kowa zama abin tausayi. Sannan ya jera waɗanda suka gan shi, Kefas wato Bitrus, almajiransa sha biyun, 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci guda wanda yace yawancinsu suna raye sa'ad da yake rubutun, Yakubu, sai shi kansa da a da yake tsananta wa ikilisiya. Wasiƙar nan wajen shekara 25 kacal bayan gicciyen aka rubuta ta, masu iya ƙaryata shi suna nan da ransu. Ki karanta surar gaba ɗaya a hankali, ba aya ɗaya ɗaya ba. Shi ya sa shaidar bangaskiya ta Nikiya, wadda taron shugabannin ikilisiya ya tsara a 325 aka cika ta a 381, take ƙarewa da sauraron tashin matattu da rai na zamani mai zuwa, jiki ne zai tashi ba inuwa ba.

In kuma tsoronki dan waɗanda zaki bari a baya ne, ki lura Yesu yana kan gicciye ya damƙa mahaifiyarsa a hannun Yohanna. Shirya bayanka da rubuta wasiyya ba jawo mutuwa bane. Zafin fitar rai kuwa ba sai kin ɗauki nauyinsa tun yanzu ba, Bitrus da wata baranya ta sa yayi musun Ubangiji shine daga baya ya tsaya gaban majalisa ba gezau, ƙarfin ranar a ranar ake bayarwa.

Dan Allah ki rage kallon hotunanta da bidiyon jana'izar a waya da tsakar dare, wannan ƙara hura wutar yake. In kin farka zuciya na bugawa ki karanta Zabura 4:8 ko 121 da murya, ba a zuci ba, ki gaya wa Allah tsoro nake ji kamar yadda kika gaya min. Ki je ki gaida iyayenta bayan mutane sun watse, lokacin ne gida ke yin shiru kuma suka fi bukatar wanda ya santa, ba sai kin yi musu wa'azi ba. In makonni suka wuce barcin bai dawo ba ko abinci ya ƙi shiga, ki ga likita ki kuma samu fastonku, duk biyun, kada wani yace miki zuwa asibiti rashin bangaskiya ne. Ki gaya wa mamanki halin da kike ciki, ƙanwata ce nasan ta, zata fi jin haushi in a bakina ta fara ji. Zan kira ki ranar Lahadi bayan sujada, ki gaida min ƙannenki.