Kuɗin fanshon ma'aikacin da ya rasu: gado ne ko haƙƙin wanda ya rubuta sunansa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu yana cikin aikin gwamnatin tarayya, ya bar mahaifiyarsa da mata biyu da 'ya'ya maza uku da mata biyu. A takardun aikinsa sunan babban yayanmu ya rubuta a matsayin makusancin da za a tuntuɓa, kuma yanzu yayan namu yana cewa kuɗin fansho da na inshorar rai nasa ne, abin da ya ga dama ya ba mu kyauta ce. Mene ne hukuncin shari'a?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa aljanna ce makomarsa, Ya ba ku haƙurin rashi.

Asalin da za a gina wannan hukunci a kansa shi ne cewa gado yana shiga duk dukiya ko haƙƙin da mamaci ya mallaka yana raye, ko kuma ya tabbata a gare shi ta wani dalili da ya faru a rayuwarsa. Saboda haka ba a yi wa kuɗin da gwamnati ke biya bayan rasuwar ma'aikaci hukunci ɗaya a dunƙule, sai an duba kowane kashi an ga daga ina ya fito.

Tun da aka yi dokar gyaran fansho ta 2004, wadda ta 2014 ta maye gurbinta, galibin ma'aikatan tarayya suna kan tsarin karo-karo ne a ƙarƙashin kulawar hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom. Ana cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci duk wata, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba duka a asusun ajiya mai ɗauke da sunansa a hannun kamfanin da ke juya kuɗin fansho. Kashin da aka cire masa albashinsa ne da aka jinkirta biya, kashin da gwamnati ta zuba kuwa yana cikin ladan aikinsa da doka ta wajabta, kuma ya shiga mallakarsa tun ranar da aka zuba. Hana shi taɓa kuɗin kafin ya yi ritaya bai fitar da su daga mallakarsa ba, kamar yadda gonar da aka ba da jingina ba ta daina zama ta mai ita. Don haka abin da ke cikin asusun nan gado ne babu kokwanto, haka ma bashin albashi ko alawus da yake bin gwamnati, da haƙƙin shekarun da ya yi aiki kafin sabon tsarin ya fara, idan yana cikin waɗanda suka kama aiki kafin 2004.

Rubuta sunan yayanku bai canza wannan ba. Idan an ɗauke shi kyauta, to kyauta ba ta cika a mazhabar Imamu Malik sai an karɓe ta kafin mai bayarwa ya rasu, kuma yayanku bai karɓi komai ba mahaifinku na raye. Idan kuma an ɗauke shi wasiyya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah Ya bai wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, don haka babu wasiyya ga magaji, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Ita kanta dokar fansho ba ta mallaka wa makusanci kuɗin asusun ba. Tana neman wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar kotu da ta naɗa wanda zai kula da dukiyar mamaci kafin a biya. Matsayin yayanku, in har shi kotu ta naɗa, matsayin wakili ne da aka damƙa wa amana, zai karɓa ya kai gaban masu rabon gado.

Wurin da malamai suka yi saɓani shi ne kuɗin inshorar rai. Doka ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar da ba ta gaza ninki uku na jimillar albashin shekara ba, shi ne yake biyan kuɗinta, ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo, kuma ana biyan wanda ma'aikacin ya ambata. Wasu malamai suna ganin tunda mamaci bai taɓa mallakar wannan kuɗi ba, kuma bai wajaba ba sai bayan mutuwarsa, to taimako ne da ya tafi kai tsaye ga wanda aka ambata. Wannan magana tana da fuska, sai dai abin da na fi natsuwa da shi shi ne a raba shi rabon gado. Dalilin samuwar kuɗin shi ne aikin mamacin, da albashinsa ake auna shi, kuma sharaɗi ne na ɗaukar aiki wanda gwamnati ba ta da zaɓin janyewa, har doka ta ce wanda bai yi inshorar ba shi zai biya daga aljihunsa. Kasancewarsa bai wajaba ba sai da mutuwa ba ya hana shi zama gado, domin diyya ma haka take. Sayyidina Umar ya kasance yana ganin mace ba ta gadon diyyar mijinta, har Dahhaku ɗan Sufyan ya shaida masa cewa Annabi ya rubuto masa ya ba matar Ashyam Addibabi gado daga diyyar mijinta, sai Umar ya koma kan haka. Game da ƙyamar da malamai suke yi wa inshorar kasuwanci kuwa, mahaifinku ba shi ya ƙulla yarjejeniyar ba, kuma ku haƙƙin da doka ta ɗora wa gwamnati kuke karɓa, don haka babu laifi a kanku.

Hukuncin yana bambanta idan gwamnati ce da kanta ta fayyace waɗanda za a ba, kamar tallafin da aka ware wa gwauruwa ko kuɗin karatun ƙananan yara. Wannan kyauta ce daga mai bayarwa, ana bin sharaɗinsa, sauran magada ba su da kaso a ciki.

Kafin rabo za a fitar da kuɗin jana'iza, sannan a biya bashin da ake bin mamacin, sannan a zartar da wasiyyarsa ga wanda ba magaji ba matuƙar ba ta wuce sulusi ba. Abin da ya rage, bisa ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i, matansa biyu za su raba sumuni, wato ɗaya bisa takwas, mahaifiyarsa ta ɗauki sudusi, wato ɗaya bisa shida, sauran kuma na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. A matsayin misali, in da abin da ya rage naira 4,800,000 ne, kowace mata za ta sami 300,000, kakarku 800,000, kowane ɗa namiji 850,000, kowace 'ya mace 425,000. Wannan yana tsayawa ne idan magadan su ne waɗanda ka lissafa. Idan akwai mahaifin mamacin a raye ko ciki a jikin ɗaya daga matan, lissafin zai sauya. Abin da yayanku ya kashe wajen bin takardu da zirga-zirga, ana mayar masa daga dukiyar gwargwadon abin da ya kashe. Kason ƙananan yara kuma ba a yafe shi a madadinsu, ko da manya sun yarda su bar wa yayanku nasu.

Akwai kuma batun ribar da ta taru a asusun, domin kamfanonin fansho suna zuba kaso mai yawa a takardun bashin gwamnati masu kuɗin ruwa. Mahaifinku ba shi da zunubi a kan tsarin da aka tilasta masa. Idan takardar bayanin asusu ta ba ku damar gane abin da ya fito daga ruwa, ku fitar da shi ku sa a maslahar jama'a. Idan ba a iya rarrabewa, ku yi kirdado gwargwadon rinjayen zato. Waɗanda ke cikin aiki a yanzu suna da mafita, domin tun 2021 aka buɗe wani rukunin asusun fansho da ake kira asusu na shida (Fund VI), wanda ba ya mu'amala da ruwa, kuma ma'aikaci yana iya neman kamfaninsa ya mayar da shi can.

Shawarata ita ce ku fara zama da yayanku tare da wani dattijo a dangi da malamin da ya san ilimin gado, a karanta masa wannan bayani, domin mutane da yawa sun ɗauka da gaske cewa rubuta suna mallakawa ne. Idan ya ƙi, kowane magaji yana da haƙƙin kai maganar kotun shari'ar Musulunci ta yi rabon, kuma yin haka ba yanke zumunci ba ne.

Wallahu a'alam.