Asma a cikin aji: ta ƙaru ne, ko mu ne muka fi gani?

Malama, kin ce a ajinki yanzu da wuya a rasa yaro mai maganin shaƙa a jaka, kina tambaya ko asma da alaji (wato jiki ya ƙi wani abu, kamar ƙura ko gyaɗa) sun ƙaru ne da gaske, ko dai likitoci ne suka fi gano su. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin shan magani na makarantu, to bari in tofa nawa.

Duka biyun akwai, sai dai kada ki bari a ce miki ganowa ce kawai. Lokacin da na fara aiki, yaron da ke tari da dare ko yake kasa gudu a fili, abin da ake rubuta masa shi ne mura ko sanyin ƙirji. Yau irinsa asma ake cewa. Wannan ya kumbura lissafi, gaskiya ne. Amma a Aberdeen ta Sikotland an binciki yaran makaranta a 1964, aka maimaita a 1989. Masu asma sun tashi daga kusan 4 cikin ɗari zuwa 10. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne masu numfashi da ƙara kamar fito, waɗanda iyaye ne ke faɗa ba likita ba, su ma sun ninka, daga kusan 10 zuwa 20. Ƙaiƙayin fata da atishawar lokacin furanni duk sun hau tare. Sauya suna ba zai yi wannan ba.

Inda nake saɓawa da wasu a nan shi ne masu cewa abin kullum gaba yake yi. Babban binciken ISAAC, wanda ya duba 'yan shekara 6 zuwa 7 da 'yan 13 zuwa 14 a ƙasashe da dama, ya nuna a 2006 cewa a wuraren da asma ta riga ta yi yawa, kamar Ingila, ta tsaya ko ma ta ɗan sauka a manyan yaran, alhali tana hawa a ƙasashen da a da ba ta da yawa. Sai an san wane wuri da wane lokaci ake magana.

Dalili kuwa ba ɗaya ba ne. A 1989 wani mai binciken lafiya a Ingila, David Strachan, ya lura cewa yaran da ke da yayye da yawa ba su cika atishawar alaji ba. Daga nan aka fara tunanin cewa garkuwar jikin jariri tana koyon haƙuri ne ta hanyar cuɗanya da ƙwayoyin halitta iri-iri tun da wuri. Bayan haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma an tarar yaran gabas, duk da hayaƙin kwal da suke shaƙa, sun fi na yamma ƙarancin alaji, kuma cikin 'yan shekaru alajinsu ya fara kamo na yaran yamma. A Amurka ma, wani binciken 2016 kan al'ummomin manoma biyu, Amish da Hutterite, ya ambaci asma a kusan 5 cikin ɗari na yaran Amish, masu tasowa kusa da shanu da dawaki, amma kusan 21 a yaran Hutterite, masu noma da injuna. Don Allah kada wata ta fahimci wannan da cewa ƙazanta magani ce, ko a bar rigakafi. Hayaƙin taba, hayaƙin mota, danshin bango da ƙurar katifa suna nan suna tayar da ciwon.

Har shawarar likitoci ta juya. A da ana cewa a nisanta jariri daga gyaɗa, sai binciken LEAP na 2015 ya nuna ba shi da wuri yana rage alajin da kusan kashi 80 a jarirai masu haɗarin kamuwa. Amma mai ƙaiƙayin fata mai tsanani, likita ne zai fara duba shi.

A aji, Malama, mai maganin shaƙa bai cika tayar mini da hankali ba, domin an riga an san da shi. Ki sa ido kan wanda kullum yake neman uzuri lokacin motsa jiki, wanda dariya ko gudu ke jefa shi tari, ko mai gyangyaɗi da safe saboda tari ya hana shi barci. Ki rubuta ranakun, ki nuna wa iyayensa su tafi da takardar asibiti. Masu maganin kuma a bar shi kusa da su, kada a kulle a ofis. Idan yaro ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓensa ya sauya launi, a zaunar da shi a miƙe, a ba shi maganin, a nemi asibiti nan take.