Tsawar da ke cikin takardar OET: amsa ga ƙanwata mai shirin zuwa Ingila

Ƙanwata, saƙonki ya iso, kuma na yi murna da jin kin duƙufa kan shirin jarrabawar OET, ta Turancin ma'aikatan lafiya. Kin ce kin ci karo da "thunderclap headache" a takardun gwaji, ƙamus ya ce miki thunderclap tsawa ce, shi ne kike tambaya ko ciwon kan da ƙarar tsawa ke jawowa ake nufi. Ba shi ba ne. Sai dai ba zan tsaya a nan ba, domin wannan na cikin 'yan kalmomin da idan ma'aikaciyar jinya ta ɗauke su a karkace, rai na iya salwanta a hannunta.

Kalmomi biyu ne aka haɗe. Ta farkon, thunder, tsohuwa ce tukuf. Mutanen Ingila na dauri "thunor" suke cewa, babu harafin d, daga baya ne baki ya cusa shi don sauƙin furuci. Thunor kuma sunan abin bautarsu ne kafin Kiristanci ya iso musu, shi ne mutanen arewacin Turai ke kira Thor, mai guduma. Alhamis da suke ce wa Thursday ranarsa ce, haka ma Jamusawa: tsawa Donner, Alhamis Donnerstag. Ta biyun, clap, yau in kin ji ta tafi ne zai zo miki a rai, amma tun da can tana nufin ƙara mai kaifi ta bugu ɗaya. Haɗin biyun ya daɗe, yana cikin rubutun mawaƙinsu Chaucer tun ƙarshen ƙarni na 14.

Mu ai ba baƙi ba ne a wannan rabe-raben. Mun san cida, wadda ke gurnani daga nesa hadari na haɗuwa, ta ba ki lokacin kwashe shanya. Ita ce Bature ke ce wa rumble ko roll. Mun kuma san tsawar da ke fashewa a bisa kai ba sallama, kowa ya ɗauki salati. Wannan ita ce thunderclap. Abin da kalmar ke riƙe da shi ke nan: zuwa farat ɗaya da cikakken ƙarfi. Shi ya sa suke aro ta su faɗi labarin da ya faɗo wa mutane ba zato, kamar murabus ɗin shugaba ko rasuwar fuju'a. Abin dariya, ƙasar da ta tara wa tsawa sunaye haka ba ta cika jin ta ba. Ruwan nan yayyafi ne shiru-shiru, sai lokacin zafinsu ne ake ɗan samun tsawa, ita ma ba ta kama ƙafar ta farkon daminarmu ba.

Za ki kuma ji ta a bakin 'yan ƙwallo. A gasar Turai ta 2016 ƙaramar ƙasar Iceland ta fitar da Ingila da ci 2 da 1, magoya bayanta suka riƙa ɗaga hannu sama suna tafi ɗaya tare da kururuwa, su yi shiru, su sake. Tafin nan ma thunderclap ake ce masa. Kada dai ki tayar wa abokin aiki Bature wannan zance da sassafe.

To, ga inda aikinmu ya shigo. A 1986 wasu likitoci biyu a Amurka, Day da Raskin, suka yi amfani da sunan "thunderclap headache" a mujallar likitoci ta Lancet, ya kuma zauna. Ma'anarsa a yau a fayyace take: ciwon kai mai tsanani da ke kaiwa ƙololuwarsa cikin ƙasa da minti 1. Ki lura, ma'aunin saurin zuwa ne. Mai ciwon ɓarin kai na iya shan azabar da ta kai wannan, amma nasa a hankali yake hawa. Wannan kuwa mutum na tsaye yana wanke kofi, ko yana yunƙuri a banɗaki, ko ya ɗaga kaya, sai kawai ya dafe ƙeya.

Abin da ake tsoro shi ne wata jijiyar jini da ta kumbura a cikin kai ta fashe, jini ya malala tsakanin ƙwaƙwalwa da fatar da ke lulluɓe da ita. Sau da yawa amai na biyo baya, wuya ya sanƙare, ido ya ƙi haske, wani ma ya suma. Ba kowane irin wannan ciwon kai ne ke zama zubar jini ba, akasari ma in an bincika ba shi ba ne. Akwai tsukewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, akwai daskarewar jini a manyan hanyoyin da ke fitar da jini daga kai, wanda ake sa wa ido musamman ga mai jego. Amma ƙa'idar ita ce a ɗauke shi a matsayin zubar jini har sai hoto ya wanke shi. Hoton cikin kai na CT in an yi shi cikin awa 6 da farawar ciwon, da wuya jini ya ɓuya masa. In an makara kuma hoton bai nuna komai ba, sai a jira awa 12 ta cika daga farawar, a ɗebi ruwan ƙashin baya a duba ko akwai alamar jini. Kin ga ke nan rubuta ainihin lokacin da ciwon ya fara ba ƙaramin aiki ba ne, kuma galibi ke ce za ki fara jin sa.

A nan nake so ki yi hattara da sabon da muka taso da shi. A gida, ciwon kai da amai zazzaɓin cizon sauro ne ke fara zuwa mana a rai, in wuya ya sanƙare kuma lokacin zafi ne, mu ce sanƙarau. Hakan daidai ne a can, don su suka fi yawa. A nan kuwa dattijon da bai taɓa taka ƙasa mai sauro ba, in ya zo da haka, ba a ba shi farasitamol a ce ya kwanta a gani. Likita ake kira nan take. In a gidan kula da tsofaffi kike aiki, lambar gaggawa ta 999 za ki buga.

Kuma kada ki jira majiyyaci ya furta kalmar, ba zai furta ba. Ta ma'aikata ce, a rubutu da lokacin miƙa aiki. Shi cewa zai yi ji ya yi kamar an maka masa sanda a ƙeya, ko kuwa bai taɓa jin irinsa ba tun da yake. Tsofaffin Turawan nan ma sun iya ƙanƙanta ciwo, tsohuwa na riƙe da kai idonta a rufe za ta ce miki ɗan ciwon kai ne, ta ba ki haƙuri don ta dame ki. Saboda haka tambayar "yaya tsananinsa?" ba ta isa ba. Ki tambaye ta me take yi lokacin da ya fara, ƙarfe nawa ne, kuma a hankali ya taso ko lokaci guda. A sashen saurare na OET ma irin wannan za ki tarar: majiyyaci na ba da labari da bakinsa na yau da kullum, ke kuma ki cike gurbin bayanin likita.

Saura gargaɗi ɗaya tunda muna kan clap. In saurayi ya sunkuyar da kai ya ce miki yana jin ya kamu da "the clap", babu ruwansa da tafi ko tsawa. Ciwon sanyi yake nufi, wanda ake ɗauka ta saduwa. Kada fuskarki ta canja, ki nuna masa asibitin da ke duba irin waɗannan cututtuka, gwaji kyauta ne a nan.

Ki turo min wasiƙar gwajin da kika ce kin rubuta in duba miki kafin ƙarshen mako. Ki gaishe min da su Umma.